Tambayi Likita: Waya Za Ta Iya Gane Ciwon Ƙwaƙwalwa Kafin Ya Tashi?

Wasiƙun wannan fitowa duk sun zo ne a kan abu guda, wato manhajojin waya da ake cewa suna bibiyar alamomin ciwon ƙwaƙwalwa irin wanda ke zuwa da jin muryoyi, gane-gane da zargin mutane. Likitocin ƙwaƙwalwa da ma'aikatan jinya masu kula da wannan shafi ne suka amsa. Kamar yadda muka saba, mun sakaya sunayen masu tambaya.

Wata uwa daga Zariya: Ɗana yana da shekara 24. Sau biyu ana kwantar da shi, likitoci sun ce sikizofireniya ce, wato ciwon ƙwaƙwalwa mai zuwa da jin muryoyi da zargi, yanzu yana shan risperidone kuma alhamdu lillahi ya samu sauƙi. Yayarsa ta ce akwai abin da ake sawa a waya da ke sanar da mutum idan ciwon zai tashi. Da gaske ne? A ina zan samo?

Hajiya, Allah ya ƙara masa lafiya, ya saka miki da alheri. Maganar 'yarki tana da tushe, sai dai ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba.

Wannan ciwo ba kasafai yake tashi dare ɗaya ba. Yawanci yakan yi sallama, mako ɗaya zuwa huɗu kafin ya bayyana sosai: barci ya ragu, mutum ya riƙa ƙunci da saurin fushi, ya janye daga mutane, ya daina wanka ko cin abinci a tsakar gida, ya fara kallon kowa da zargi. Tun a 1980 wani bincike na Herz da Melville a Amurka ya nuna cewa mafi yawan marasa lafiya, da kusan dukkan iyalansu, suna lura da irin waɗannan sauye-sauye kafin a kai ga asibiti. Abin da manhaja ke ƙoƙarin yi shi ne ta rubuta su kullum, don kada a dogara da abin da aka iya tunawa ranar ganin likita, wadda ta yiwu sai bayan wata biyu ko uku.

Manhajojin iri biyu ne. Akwai masu tambaya: waya ta yi ƙara, ta kawo gajerun tambayoyi, mai ciwon ya amsa da kansa. ClinTouch ta Jami'ar Manchester a Ingila tana cikinsu. A gwajinta na 2012, mutum 44 aka ba wa, tana tambayarsu sau shida a rana har mako guda, kuma 36 daga cikinsu suka amsa gwargwadon da ake buƙata. Haka FOCUS ta Dror Ben-Zeev a Amurka, wadda bayan tambaya takan ba da shawara nan take kan barci, shan magani da yadda ake jure muryoyi. Akwai kuma masu lura a ɓoye, waɗanda ba sa tambayar komai, sai dai su tattara abin da wayar ta riga ta sani: ko mutum ya fita daga gida, yawan tafiyarsa, yawan kira da saƙo, da lokacin da allon ke kunne cikin dare. A wani ƙaramin bincike a Boston da aka buga a 2018, da manhajar Beiwe da marasa lafiya 17, an ga cewa sauye-sauyen da suka saɓa wa al'adar mutum sun ƙaru da kashi 71 cikin 100 a mako biyun da suka gabaci tashin ciwo. Mutum 17 ba su da yawa, kuma ƙaruwar alama daban take da sanin tabbas cewa ciwo zai tashi.

Abin da muka fi so ki riƙe yana cikin labarin wani tsari na ƙasar Czech mai suna ITAREPS. Ba ya ma buƙatar babbar waya. Duk mako mai ciwon da wani ɗan'uwansa kowa yana amsa tambayoyi goma ta saƙon tes, kwamfuta ta lissafa, idan maki ya haura ta aika wa likita gargaɗi ya duba maganin cikin gaggawa. Da aka yi masa babban gwaji, sakamakon bai yi armashi ba, kuma babban dalili shi ne a lokuta da yawa gargaɗin ya isa amma likitocin ba su yi abin da aka tsara ba. Inda aka bi tsarin, an ga amfani. A gwajin manhajar EMPOWER da Andrew Gumley na Jami'ar Glasgow ya jagoranta a Scotland da Ostareliya, wanda aka buga a 2022 da mutum 73, ba a bar manhajar ita kaɗai ba. An haɗa ta da ma'aikacin jinya mai duba bayanan, da kuma mutanen da su ma suka taɓa yin ciwon suka samu sauƙi, suna tuntuɓar marasa lafiyar.

Game da inda za ki samo: yawancin waɗannan na bincike ne, da Turanci suke, kuma sai an haɗa su da wani asibiti suke aiki. Kada ki biya kuɗi ga duk wanda ya ce yana da manhajar da ke gano taɓin hankali ko ke maye gurbin likita. Abin da za ku iya yi a gida da wayar da ke hannunku yana cikin amsa ta gaba.

Wani yaya daga Katsina: Ƙanena ne ke da larurar, ni nake kai shi asibiti. Muna da babbar waya amma babu irin waccan manhaja. Ta yaya za mu tsara namu?

Malam, wannan ita ce tambayar da ta fi amfani, don haka za mu ɗan tsawaita.

Ku fara a lokacin da yake cikin natsuwa, ba lokacin da ciwon ya motsa ba. Ku zauna ku uku, kai da shi da wanda ya fi kusa da shi a gida, ku tuno tashin ciwon na ƙarshe da wanda ya gabace shi. Ku koma baya daga ranar da aka kai shi asibiti: me ya canza kwana uku kafin nan, mako guda kafin nan, wata guda kafin nan? Kowane mai ciwo yana da nasa jerin, kuma yakan maimaita kansa. Wani alamarsa ta farko ita ce ya daina zuwa majalisa. Wani ya fara kwana yana zagaye tsakar gida. Wani ya ƙi cin tuwon da ba a gabansa aka kwashe ba. Wata ta yi ta wanke-wanke da ƙarfe biyun dare. Ku rubuta su da kalmominsa shi, ba da kalmomin asibiti ba. Idan shi yana cewa "kaina ya cika da hayaniya", haka za a rubuta.

Daga nan ku zaɓi shida zuwa takwas kawai. Idan suka wuce haka, cikin mako biyu zai gaji ya bari. Huɗu daga ciki kusan kowa yana buƙatarsu: awa nawa na yi barci jiya, na sha magani ko ban sha ba, muryoyi sun dame ni, ina jin ana nufina da sharri. Sauran su zama nasa na musamman. Ku ƙara ɗaya kan illar magani, kamar sanƙarewar jiki, rawar hannu, dalalar miyau ko kasa zama wuri ɗaya, domin waɗannan ne ke sa mutane da yawa su ajiye magani a ɓoye. Idan yana taɓa wiwi ko tiramadol, wannan ma ya shiga, amma da sharaɗin ba za a yi masa faɗa kan amsar gaskiya ba, in ba haka ba zai riƙa rubuta ƙarya.

Barci a rubuta da adadin awa. Magani da e ko a'a. Sauran a ba su maki daga 0 zuwa 3: babu, kaɗan, ya dame ni, ya hana ni harkokina. Ma'auni mai tsawo, irin 1 zuwa 10, yana ruɗa mutum, kuma bambancin 6 da 7 ba ya gaya wa kowa komai.

Sau ɗaya a rana ya isa, a lokaci guda kullum. Ku jingina shi da abin da ba ya tashi, misali bayan sallar isha'i ko lokacin shan maganin dare, ku sa ƙararrawar waya. Bai kamata ya ɗauki fiye da minti biyu ba. Wajen rubutawa kuwa, Google Forms kyauta ne, kana iya rubuta tambayoyin da Hausa, amsoshin kuma su jeru da kwanan wata a tebur guda, sai dai yana buƙatar data duk lokacin aikawa. Manhajar KoboToolbox kuwa tana karɓar amsa ko babu sabis, ta tura daga baya. Idan karatu yana ba shi wahala, ya aiko maka saƙon murya ta WhatsApp, kai ka cike. Littafin makaranta mai layi da biro ma yana yin aikin, kuma caji ba ya ƙare masa.

Mako huɗu na farko kada ku yanke hukunci kan komai. Lokacin sanin al'adarsa ne. EMPOWER ma haka ta yi kafin ta fara gargaɗi. Dalili kuwa shi ne akwai wanda kullum yana jin muryoyi kaɗan ko da yana lafiya, makinsa na yau da gobe 1 ne ko 2, kuma yana sana'arsa lafiya lau. Abin dubawa shi ne sauyi daga inda ya saba, ba girman lambar ba.

Sai mataki mafi muhimmanci, wanda yawancin iyalai ke tsallakewa: ku rubuta abin da za a yi idan lambobin suka motsa, ku kai wa likitansa ya gyara ya amince. Ga ma'aunin da za ku iya farawa da shi. Idan barci ya gaza awa biyar dare uku a jere, ko alamomi biyu suka haura da maki biyu suka tsaya haka kwana uku, ko ya tsallake magani kwana biyu, to a kira ma'aikacin jinya ko a je asibiti cikin kwana biyu, kada a jira ranar da aka rubuta a kati. Shiru ma alama ce: wanda ya saba amsawa ya ɗauke ɗif kwana uku, a je a gan shi ido da ido. Idan kuwa muryoyi suna umartarsa ya cutar da kansa ko wani, ko yana maganar mutuwa, ko ya ƙi ci da sha, ko zazzaɓi mai zafi ya haɗu da sanƙarewar jiki da ruɗewa, wannan ba na waya ba ne, a tafi asibiti a ranar. Na ƙarshen nan yana iya zama mummunar illar magani da ke kisa idan aka yi jinkiri.

Kada ka ƙara ko ka rage masa magani da kanka saboda abin da ka gani a tebur. A takardar tsarin ku rubuta sunan maganin da adadinsa, ranar allura ta gaba idan yana karɓar ta wata-wata, lambar wanda za a kira, wanda zai raka shi, da inda kuɗin mota zai fito. Sau da yawa a nan ake makalewa, an ga alama tun da wuri amma aka yi kwana goma ana neman kuɗin tafiya.

Kai kuma ka duba teburin sau biyu a mako, ba kowace awa ba. Idan ya ga duk maki 2 da ya rubuta yana jawo masa tambayoyi da kallon tsoro, zai koma rubuta 0.

Wani matashi daga Kaduna: Ni ne mai ciwon. Idan ya motsa nakan ji kamar ana saurarena ta waya. Yin bibiyar ta waya ba zai ƙara mini ba?

Ɗan'uwa, tambayarka ta nuna ka san ciwonka, kuma tsoronka yana kan hanya. A gwajin EMPOWER an samu waɗanda tambayoyin kullum suka ƙara musu damuwa ko suka tuno musu da abin da suke son mantawa, ko da yake a dunƙule tsoron dawowar ciwo ya ragu a wajen masu amfani da ita. Shawararmu gare ka: ka guji irin masu lura a ɓoye gaba ɗaya, ka tsaya kan wanda kai ne ke rubutawa da hannunka, ka san wanda ke gani, kuma kana da ikon dainawa duk ranar da ka so. Ka sa "na fara jin tsoron wayata" cikin alamominka, ka gaya wa wanda ka amince da shi tun yanzu cewa idan ka faɗi haka, a koma takarda a kuma sanar da likita. Idan bayan mako biyu ka ga cikewar tana hana ka barci, ka rage zuwa sau biyu a mako.

Wani magidanci daga Sakkwato: Matata ta samu ruɗewar hankali bayan haihuwar fari, an yi mata magani a asibitin ƙwaƙwalwa na Kware ta warke. Yanzu tana da ciki wata bakwai. Zan iya sa mata manhajar bibiya a waya ba tare da ta sani ba, don kada hankalinta ya tashi?

A'a, Malam, kada ka yi. Mun san kyakkyawar niyya ce, amma ranar da ta gano, ka tabbatar mata da ainihin abin da ciwon ke raya mata, cewa na kusa da ita suna leƙen asirinta, kuma daga nan ba za ta ƙara gaya maka abin da take ji ba. Dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya da aka sa wa hannu a Janairun 2023 ta tanadi haƙƙin mai larura na sirri da na a nemi yardarsa.

Kuma a halin da take ciki waya ba za ta yi saurin da ake buƙata ba. Wannan ciwo na bayan haihuwa yana samun mace ɗaya zuwa biyu cikin 1,000, amma wadda ta taɓa yi haɗarinta ya fi na sauran mata nesa ba kusa ba. Yakan fara cikin mako biyu na farko, kuma yana iya tsananta cikin awoyi. Ku koma wajen likitan ƙwaƙwalwa yanzu, kafin haihuwa, a tsara maganin da za ta fara da wanda ya dace da shayarwa, a kuma sanar da masu awo. Idan za ta je wankan jego gida, mahaifiyarta ko wadda za ta zauna da ita ta san alamomin. Babba a cikinsu: jariri ya yi barci, an karɓe mata shi, amma ita ta kasa runtsawa kuma ba ta jin gajiya. Dare biyu a haka, a tafi asibiti. A samu mai karɓar jaririn wani ɓangare na dare, kuma hidimar suna kada ta hana ta hutawa.

Wata ma'aikaciyar jinya daga Maiduguri: Muna tunanin gwada irin wannan da marasa lafiyarmu. Me ya fi lalata shi?

'Yar'uwa, abu na farko gargaɗin ƙarya. Manhajar da ke lura a ɓoye an gina ta ne kan zaton waya ɗaya mutum ɗaya, tana aljihunsa dare da rana. A nan kuwa waya takan kwana a shagon mai caji, yara su yi wasa da ita, miji ya fita da ita kasuwa. Manomi da damina yakan bar ta a ɗaki ya wuni a gona, manhaja ta rubuta cewa bai fita ba. Matar da ba ta cika fita ba, taswirar wayarta ba ta canzawa ko tana lafiya ko ba ta lafiya. Da azumi barcin kowa yana juyewa saboda sahur da tahajjud, don haka watan yana buƙatar nasa ma'aunin daban, kuma lokacin ne ya kamata a tambayi yadda aka mayar da shan magani. Ga kuma tsarin tattalin batir na wayoyin Android da yawa, wanda ke kashe manhaja idan tana aiki a bayan fage, sai bayanai su zo da giɓi. Dole a shiga saituna a cire ta daga wannan takunkumi a kowace waya. Binciken manhajar mindLAMP da aka yi a Boston da Bangalore da Bhopal ya nuna ana iya amfani da irin wannan a Indiya, amma da ma'aikata masu taimaka wa mutane da wayoyinsu.

Na biyu, gajiya. Amsawa tana yawa a makonnin farko sannan ta ragu, musamman idan mutum bai taɓa jin an yi maganar abin da ya rubuta ba. Ki buɗe teburin a gabansa duk ranar asibiti, ko na minti biyu ne.

Na uku, wanda ya fi su nauyi, shi ne aikin da zai hau kanku. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ba su kai 300 ba, don haka gargaɗin kan ma'aikatan jinya zai faɗo. Kafin ku ɗauki mutum ko ɗaya, ku rubuta wa ke dubawa, a wace awa, wa ke riƙewa ranar hutu, da cikin awa nawa za a kira mara lafiya. Ku gaya wa iyalai ƙarara cewa ba a kallon bayanan cikin dare. Ku fara da mutum goma zuwa goma sha biyar na wata uku. Bayanan lafiya suna cikin masu tsananin sirri a dokar kare bayanai ta 2023, saboda haka a karɓi yarda a rubuce, a sa lamba maimakon suna, kuma kada a tara marasa lafiya a zauren WhatsApp guda inda kowa ke ganin lambar kowa.

Wata matar aure daga Maraɗi: Wata biyar maigidana yana rubutawa, duk sifili ne. Zai iya barin magani?

Baiwar Allah, sifilin nan aikin maganin ne. Wani babban nazari da Stefan Leucht da abokan aikinsa suka buga a 2012 ya nuna cewa cikin shekara guda ciwon ya dawo wa kashi 27 cikin 100 na masu ci gaba da magani, da kashi 64 na waɗanda aka cire musu. Idan nauyin jiki, kasala ko raunin kusantar iyali ne ke damunsa, ya faɗa wa likita ba kunya, ana iya rage adadi a hankali ko a canza wani. Teburin nasa zai yi amfani sosai a lokacin ragewar.

Wani dattijo daga Kumasi: Jikana yana wajen malami ana yi masa ruƙiyya. Wannan harka ta waya ta shafe mu?

Baba, ta shafe ku. A Gana aka ƙirƙiri manhajar M-Healer, haɗin gwiwar Jami'ar Gana da Jami'ar Washington, domin masu maganin gargajiya da na addu'a su riƙa rubuta halin waɗanda ke hannunsu, su koyi kwantar da hankalin mai ciwo ba tare da ɗaurewa da mari ko duka ba. Kuma binciken da Farfesa Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi, wanda aka buga a 2020, ya nuna marasa lafiya sun fi samun sauƙi idan masu maganin gargajiya da na addini suka yi aiki tare da ma'aikatan asibiti. A ci gaba da addu'a, a kai shi likita ya duba shi, kada a ɗaure shi, kada a hana shi abinci ko magani. Ku roƙi malamin ko wani almajirinsa ya riƙa rubuta abu uku kullum, awannin barcinsa, ko ya ci abinci, da ko ya sha magani, a tafi da takardar ranar asibiti.